Yadda mai sha'awa zai ɗauki hoton fadama da na kasuwa a ƙasar Kabi

Akwai wata giginya a bakin fadamar da ke ƙasan tsohon garin Birnin Kebbi wadda na shafe shekara uku ina ɗaukar hotonta, kuma cikin ɗimbin hotunan da na tara, waɗanda zan iya nuna wa mutane ba tare da na sunkuyar da kai ba ba su wuce biyar ba. Giginyar ba ta gusa daga inda take ba, wayar da nake ɗauka da ita ma sai bara na canja ta. Abin da yake sauyawa shi ne haske, da ƙurar da ke cikin iska, da ruwan da yake kwanciya a gindinta da damina ya janye da rani, da mutanen da suke bi ta gabanta da dabbobinsu. Ni ba mai hoton sana'a ba ne. Ba ni da shago, ba a kuma kirana wurin biki ko suna. Aikin koyarwa nake yi, sha'awa ce kawai take fitar da ni bayan sallar asuba, kuma abin da zan bayyana a nan na masu irin wannan sha'awar ne, waɗanda suke son ɗaukar shimfiɗar ƙasa, wato fadama da gulbi da dutse da sararin sama, ko kuma rayuwar titi da kasuwa, inda mutane suke cikin harkokinsu ba tare da an jera su an ce su kalli kyamara ba.

Kafin ka sayi komai, ka fara zaɓen wuri. Ka nemi wuri ɗaya ko biyu da za ka iya kaiwa a ƙafa ko a babur cikin minti 20 daga gidanka, ka ɗaure wa kanka zuwa can aƙalla sau ɗaya a mako har shekara ta zagayo. Wanda ya je wuri sau ɗaya, abin da ya tarar kawai yake ɗauka, amma wanda yake komawa yakan san ta inda rana take ɓullowa a watan Janairu da inda take karkata a watan Yuni, ya san lokacin da makiyayi yake gangaro da shanu mashaya, ya san ranar da masu albasar Aliero suke sauke kaya. Mutanen wurin su ma sukan saba da shi har su daina ɗaga kai idan ya fito da waya, kuma daga ranar da aka daina kallonka ne hoton titi na gaskiya yake fara samuwa.

Game da kayan aiki ba zan tsawaita ba. Wayar da ke aljihunka, Tecno ce ko Infinix ko Samsung, ta isa ka yi shekara guda kana koyo da ita. Ka shiga saitin kyamarar ka kashe abin nan da yake goge fuska yana haskaka fata, domin yana mayar da fuskar dattijo kamar ta roba, alhali kuwa tamojin fuskar nan shi ne rabin hoton. Ka cire tambarin da wayar take bugawa a kusurwa, ka kunna layukan da suke raba fuskar waya gida tara, sannan ka saba da goge gilashin kyamarar da ƙyalle mai laushi kafin ka fara, saboda yawancin hotunan da ake zargin waya da ɓatawa, maiƙon yatsa ne da ƙurar aljihu suka ɓata su. Zuƙo abu da yatsu biyu kuwa ka bar shi, sai fa idan wayarka tana da gilashi na biyu da aka yi domin nesa. In ba haka ba, yankar tsakiyar hoton kawai take yi ta buɗa shi, ya fito dishi-dishi. Ka taka ka matsa kusa. Idan daga baya hali ya samu, tsohuwar kyamara ta hannu, Canon ko Nikon, da gilashi guda mai lamba 35mm ko 50mm, ta fi wa mai koyo amfani a kan jaka cike da tarkace, don gilashin da ba ya zuƙowa yana tilasta wa mutum tafiya da tunani.

Lokacin fita shi ne abin da ya fi wahalar da sabon shiga, saboda haskenmu mai kyau gajere ne. Birnin Kebbi tana kusan digiri 12 da rabi ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana a miƙe take hawa, ba ta jan ƙafa a bakin sama kamar yadda take yi a ƙasashen Turai. A watan Janairu takan fito wajen ƙarfe 7 na safe ta faɗi wajen 6:30 na yamma, a watan Yuni kuwa ta fito tun wajen 6:20 ta kai har bayan ƙarfe 7 kafin ta faɗi. Daga fitowarta kana da kamar minti 40 na haske mai laushi, mai ja-ja, wanda yake zuwa daga gefe yana fito da kunyoyin gona da ɓawon itace da saƙar tabarma. Irin wannan kuma yana dawowa da la'asar sakaliya. Ma'anar wannan ita ce, sai ka kasance a wurin ka riga ka zaɓi inda za ka tsaya tun kafin rana ta leƙo, domin wanda ya bar gida bayan ya ga rana ya riga ya makara. Da zarar hantsi ya yi ƙarfi, inuwa takan tattaru a ƙarƙashin hula da malfa, idanun mutum su zama ramuka biyu baƙaƙe, sama kuma ta yi fari fat. A irin wannan lokaci ka bar fili ka shiga cikin kasuwa, inda rana take ratsowa ta ramukan zana da buhunan da aka yi rumfa da su, tana sauka tsiri-tsiri a kan tarin barkono ko kan hannun mai awo. Tsakar rana ta rumfa ce.

Sai kuma yanayin shekara, wanda a ganina shi ne babban arzikin mai hoto a wannan yanki. Mutane da yawa suna ajiye kyamara da hunturu, wai hazo ya rufe komai, ni kuwa lokacin na fi fita. Ƙurar nan da iska take kwasowa daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, tana share tarkacen da ke nesa, ta jera itatuwa sahu-sahu, na kusa baƙi, na bayansa toka-toka, na can ƙurya kamar an zana shi da hayaƙi. Sharaɗin kawai shi ne kada ka nemi hoton nesa mai bayyana komai, don ba za ka samu ba; ka sami siffa guda mai ƙarfi a kusa, kuka ko raƙumi da kaya ko mai kwalekwale a tsaye da sandarsa, ka bar hazo ya yi sauran aikin. Da sassafen hunturu ne kuma ake samun mutane a duƙunƙune suna jin wuta, tururi yana tashi daga tukunyar mai shayi, kuma idan ka tsaya ta yadda rana tana bayan hayaƙin, sai ya haskaka ya zama shi ne hoton. A wajen Janairu da Fabrairu ake dashen shinkafar rani a fadamun Argungu da Augie da Suru da Bunza, lokacin da kowane fangali yake cike da ruwa yana mayar da hoton sama kamar madubi, masu dashe kuma a sunkuye a jere.

Bazara ba ta da daɗin aiki. Zafi yana haura digiri 40 a watan Afrilu, waya tana ɗaukar zafi har ta rufe kyamara da kanta, sama kuma ba ta da launi. Ka rage sama a hotonka ko ka fitar da ita gaba ɗaya, ka duƙa ga ƙananan abubuwa: laka da ta tsattsage, sawun shanu, inuwar gawo, wanda yake kore shar da rani ya kuma zubar da ganye idan damina ta sauka. Amma ƙarshen bazara yana biyan bashin wahalarsa, domin idan shamuwa ta iso, hadari ya fara haɗowa daga gabas da yamma, akwai wasu 'yan mintuna kafin iska ta taso da sama takan yi baƙi ƙirin alhali rana tana haska ƙasa daga yamma, kowane farin gini da kowace belbela su yi ta walƙiya. Babu sama irin wannan a duk shekara. Sai dai a kula, fadama fili ce, kuma tsayuwa a gindin itace guda tilo lokacin tsawa ganganci ne; da ka ji rugugi ya matso, ka nemi gini. Bayan ruwa ya ɗauke iska takan wanku tas, a nan ne duwatsun ƙasar Zuru suke fitowa da kyau, a nan ne kuma hoton nesa yake yiwuwa. Da kaka kuwa ka je masussuka da yamma, ka tsaya ana shiƙa tsakaninka da rana, ƙaiƙayi yana tashi yana ƙyalli.

Yanzu sai maganar lambobi, wadda take tsorata mutane ba gaira ba dalili. Duk mai ban ruwa ya san fangali yana cika ta hanya biyu, ko a buɗe masa babbar kafa na ɗan lokaci, ko ƙaramar kafa na dogon lokaci. Haka kyamara take shan haske. Faɗin kafar shi ne lambar da ake rubutawa da f, kuma a juye take: f/2 babbar kafa ce, f/11 ƙarama. Babbar kafa tana fito da abu guda tangaran ta dusashe bayansa, ƙarama kuwa tana fito da na kusa da na nesa baki ɗaya, shi ya sa masu hoton fili suke zama tsakanin f/8 da f/11. Yawancin wayoyi ba a canja musu wannan, don haka mai waya ya mayar da hankali ga na biyu, wato tsawon lokacin da idon kyamara yake buɗe kafin ya ƙifta.

A shekarar 1838 wani Bafaranshe mai suna Louis Daguerre ya ɗauki hoton wani babban titi a birnin Paris daga tagar bene. Titi ne mai kekunan doki da masu tafiya a ƙasa, amma a hoton fayau ya fito kamar an yi shara, saboda sai da kyamarar ta yi mintuna a buɗe, duk abin da yake motsi bai bar alama ba. Wanda ya samu shiga shi ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Wannan darasin bai tsufa ba. Idan kana son tsayar da mai tafiya cak, kana bukatar 1/250 na daƙiƙa. Ɗan kabu-kabu a guje ko masunci yana jefa birgi, 1/1000. Idan kuma motsin kake son nunawa, ka sauko zuwa 1/30, ka bi mai babur da kyamarar daidai saurinsa kana dannawa, sai shi ya fito sarai, bayansa ya zama zare-zare. Cikin goma da wuya ka sami biyu, kuma haka abin yake ga kowa. Na uku shi ne ISO, wato ƙarfin jin haske. Ka bar shi a 100 da rana, ka ɗaga zuwa 800 ko 1600 a cikin rumfa ko bayan magariba, ka kuma yarda da ɗan tsakin da zai bayyana a hoton, domin hoto mai tsaki ya fi hoton da hannu ya girgiza. Duk waɗannan suna cikin sashen da wayoyi da yawa suke kira Pro.

Akwai wata matsala tamu ta musamman da ba kasafai ake bayaninta ba, ita ce farar shadda da baƙar fuska a hoto ɗaya. Kyamara tana auna haske ne da zaton cewa idan aka gauraya duk abin da ke gabanta zai tashi toka-toka. Ranar Juma'a, idan fararen riguna suka cika mata ido, sai ta rage haske, fuskoki su dulmiye cikin duhu. Idan kuma ka taɓa fuskar mutum a kan wayar don ta auna daga nan, sai rigar ta ƙone, aikin wuyan da mai ɗinki ya yi kwanaki a kansa ya ɓace. Abin da nake yi shi ne in taɓa fuskar, sannan in ja alamar ranar da take bayyana a gefe ƙasa kaɗan har sai na ga zaren aikin rigar ya dawo, daga baya in ɗaga duhun fuskar wajen gyara. Dalili shi ne abin da ya yi duhu ana iya ceto shi, amma farin da ya ƙone ya tafi ke nan. Mafi sauƙi dai shi ne ka jira mutumin ya shigo bakin inuwa, ƙofar zaure ko gefen rumfa, inda hasken da ƙasa take mayarwa yake haska fuska daga ƙasa ba tare da rana ta doki rigar ba.

Wajen tsara hoton fili, abu na farko da ido yake kamawa shi ne karkata. Layin da sama ta haɗu da ƙasa dole ya miƙe, musamman idan akwai ruwa, don babu wanda zai yarda da gulbin da yake gangarawa gefe ɗaya. Layukan nan da ka kunna domin wannan suke. Ka yanke shawara kuma wane ne mai hoton, sama ko ƙasa: idan hadari ne ya fito da kai, ka ba sama kashi biyu cikin uku, idan shinkafa ce, ka ba ƙasa. Raba su daidai yana kyau ne kawai inda ruwa ya kwanta yana mayar da hoton sama. Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne ɗaukar faɗi tsagwaronsa. Na taɓa zuwa Yauri, inda kogin Kwara yake buɗewa ya zama tafkin Kainji tun bayan kammala madatsar a 1968, faɗin ruwan ya cika mini ido, na dawo da hotuna fiye da 50 waɗanda ba komai a cikinsu sai layi ɗaya da toka sama da ƙasa. Ido yana jin girman wuri ne saboda mutum yana tsaye a cikinsa, hoto kuwa sai an ba shi ma'auni. Ka sa wani abu a gaba, goshin kwalekwale ko taru da aka shanya ko gora, ka durƙusa har wayar ta kusa taɓa ƙasa don abin ya yi girma, sannan ka nemi layin da zai ja ido ciki, gaɓar ruwa ko turbar shanu ko kunyar gona. Idan ka gama tsara komai, kada ka danna tukuna. Ka jira wani ya shigo, yaro a kan jaki ko mace da tulu a can nesa, ya kai daidai gurbin da ka bar masa. Giginyar da na ambata, hotunanta biyar ɗin nan duk akwai mai wucewa a ciki. In haske ya yi ƙasa kuma ba ka da mariƙi mai ƙafa uku, ka ɗora wayar a kan sirdin babur ko buhu, ka sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa 3, don dannawar yatsa ma girgiza ce.

Hoton titi kuwa rabinsa ladabi ne. Abin da ake koyarwa a wasu ƙasashe shi ne ka ɗauki mutum bai sani ba ka wuce abinka, kuma wannan ba ya tafiya a garin da kowa ya san ɗan gidan wane ne kai. Na koyi haka da wuya a wata kasuwar ƙauye, ranar da na ɗaga waya kan masu awon hatsi ba sallama ba gaisuwa. Kafin in ankara an kewaye ni ana tambayar wanda ya aiko ni, wasu suna cewa ma'aikacin haraji ne, kuma ban tsira ba sai da na goge hotunan a gabansu, na ba da haƙuri. Laifina ne. Tun daga ranar, idan na shiga kasuwar da ba a san ni ba, sai in fara neman Sarkin Kasuwa, idan mahauta ce Sarkin Fawa, idan bakin ruwa ne Sarkin Ruwa ko wakilinsa, in gaishe shi, in faɗi sunana da unguwarmu da aikina, in nuna masa wasu hotunan da na yi a baya. Wurin mai sana'a kuma nakan zauna tukuna, in sayi abin da zan iya saya, a taɓa hira, sannan in ce, “Baba, aikin nan naka ya burge ni, ko ka yarda in ɗauki hotonka kana yi?” Sau da yawa amsar ita ce, “Mi zaka yi da shi, ɗana?” Ka faɗi gaskiya: idan za ka sa a Facebook ko Instagram ka ce za ka sa, don mutum yana iya yarda a ɗauka bai yarda a yaɗa ba.

Da ya amince, zai gyara hula ya ƙame yana kallonka. Ka ɗauki wannan ɗin, ka nuna masa, ka yi godiya, amma kada ka tashi. Bayan minti 10 mai saye zai zo, ko ƙarfen da ke wuta ya yi ja, ya manta da kai ya koma aikinsa, kuma hoton da ka zo nema a nan yake. Wannan ita ce hanyar da ake haɗa izini da rashin shiri, kuma ban san wata da ta fi ta ba.

Akwai waɗanda ba na ɗauka ko da an ba ni dama, akwai kuma waɗanda sai da sharaɗi. Matan aure da 'yan mata ba a fuskantar su da kyamara sai da yardarsu bayyananniya, kuma ba a leƙa gida ta saman katanga ko ta ƙofar da iska ta buɗe. Yara sukan yi rububin shiga hoto, amma yardar yaro ba yarda ba ce, sai a nemi babba. Almajirai da mabarata da marasa lafiya su ne suka fi sauƙin ɗauka, shi ya sa hotunansu suka cika intanet, ni kuwa ina ganin wanda ba shi da ikon ce maka a'a bai kamata ka mayar da halin da yake ciki abin neman yabo ba. Wanda kuma ya ce ba ya son hoto saboda fahimtarsa ta addini, ba wurin muhawara ba ne, ka ce masa madalla ka sauke waya. Duk wanda ya ce ka goge, ka goge yana gani.

Ta fuskar dabara, maimakon ka yi ta yawo kana farautar mutane, ka sami bango mai kyau da haske mai kyau, tsohuwar ƙofa ko katangar laka da rana ta yanka biyu, ka tsaya a inuwa ka jira wanda zai cika hoton. Mai kyamara yana iya sa f/8, ya saita nisan gani da hannu a kan mita 3 idan gilashinsa mai faɗi ne kamar 28mm, sai kusan duk abin da ya wuce taku biyu daga gare shi ya fito sarai ba tare da ya jira kyamara ta nemo saiti ba. Ka lura da gefunan hoto kafin tsakiyarsa, don a nan ake samun rabin kai da turken lantarki da ya tsiro daga hular mutum. Ka kuma riƙa kallon hannuwa: hannun mai yankan farce, na mai saƙar taru, na mai ƙirga canji, sukan ba da labari ba tare da an nuna fuskar kowa ba. Filasha kuwa a kashe ta, tana firgita mutane tana kuma kashe hasken wurin.

Bikin kamun kifi na Argungu jarrabawa ce ta daban. An faro shi a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu wadda ta tabbatar da sulhu tsakanin Kabawa da Sakkwato, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Dubban masunta ne suke rugawa cikin kogin Matan Fada da homa da gora da zarar an ba da alama, kamun kuma bai fi kamar sa'a guda ba, don haka babu damar gyara kuskure. Ka je kwana ɗaya kafin ranar ka ga inda rana za ta kasance, ka sami tudu, ka sa 1/1000, ka riƙe maɓallin ɗauka don ya jero hotuna lokacin rugawar. Amma hoton rugawar nan kowa yana da shi, kuma masu manyan gilasai za su fi ka. Naka rabon yana gefe: masunci yana ɗaure homarsa da asuba, makaɗa a cikin kwalekwale, masu jan giwan ruwa zuwa ma'auni (wanda ya zo na ɗaya a 2020 ya kai kilo 78), da fuskar wanda ya fito da laka har wuya ba ko tarwaɗa. In ka gama, gidan tarihi na Kanta yana cikin gari, tsohuwar fada ce, sai dai ka tambayi ma'aikatansa abin da aka yarda a ɗauka a ciki.

Wasu wurare ba a ɗaga musu kyamara sam: barikin soja irin na Dukku da ke Birnin Kebbi, shingen jami'an tsaro, filin jirgin sama, gidan gyaran hali, da wuraren kan iyaka kamar Kamba. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi yana bukatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ba abin da za a saya a tayar kawai ba ne. Halin tsaro kuma kowa ya san shi. Kafin ka nufi daji ko dutse, musamman a kudancin jihar Kebbi da wajen iyakar Zamfara, ka tambayi direbobin tasha da mutanen garin, ka tafi da ɗan gari, ka dawo kafin duhu. Idan sun ce kada ka je, ka fasa.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar kyamara a nan. Kada ka cire gilashi a fili da hunturu, ka shiga ɗaki ko mota, ka kifa bakin kyamarar ƙasa; ka hure ƙura da 'yar robar hura iska kafin ka goge, don goge gilashi da yashi a kansa karce shi ne. Da damina kuma laima ce take sa gilashi ya yi fumfuna, sai a ajiye shi inda iska take shiga tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi. Kada a bar waya ko batir a cikin mota a rufe da bazara.

Wajen gyara, manhajojin gyaran hoto irin su Snapseed ko Lightroom na waya sun wadatar. Ka miƙar da layin sama, ka yanke abin da ya yi yawa, ka rage farin da ya yi ƙarfi, ka ɗaga duhu kaɗan, ka tsaya a nan. Idan shinkafarka ta koma kore irin na fenti, ko saman hunturu ta zama shuɗiya, duk ɗan Kabi zai gane an yi ƙarya. Cikin hotuna 100 na fita ɗaya ka zaɓi uku, kuma ka bari su kwana biyu kafin ka zaɓa, don ranar da ka ɗauka wahalar da ka sha ce take yi maka zaɓe. Ka ajiye kwafi a wuri biyu, kwamfuta ko memori da kuma Google Photos, wanda yake cikin gigabait 15 da Google yake bayarwa kyauta, ka sa wa kowace jaka kwanan wata da sunan wuri, ta yadda bayan shekara za ka iya jera hoton wuri ɗaya na hunturu da na damina ka gwada. Idan za ka tura wa wani ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoton ta rage masa inganci.

Waɗanda ka ɗauka kuma suna da haƙƙin ganin abinsu a hannu. Duk ƙarshen wata nakan kai hotuna biyar ko shida shagon wankin hoto, a fitar mini da su a girman 5 da 7, in ce kada a taɓa launinsu kuma kada a haskaka fuska, don in ba ka faɗa ba za a yi. Sai in sa kowanne a leda saboda ƙura, in rubuta kwanan wata a bayansa, ranar kasuwa ta gaba in bi su rumfa-rumfa in miƙa wa masu su.